Tankokin Darma a Siton Gyaɗa

Ranar kasuwar Sabon Birni sojoji suka zo neman Lawwali mai fenti. Yana tsugune a bayan wata gingimari a tasha, yana zana shaho a ƙyaurenta, sai ya ji hayaniyar wurin ta ɗauke gaba ɗaya. Da ya waiwaya, ga jif mai launin ganye ta tsaya, wani ƙaton saje ya sauko yana tambayar masu faci ina mai fenti yake. Ba wanda ya buɗe baki. Amma idanun mutane duk suka juyo wajen Lawwali, wannan kuwa ya ishi saje amsa.

Shekarar fari ce. A daminar da ta wuce gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye, daga Tsamaye har Tozai da wuya ka sami wanda ya ɗaure dami goma. Gulbi ya koma rairayi, mata na tona shi tsayin mutum kafin su ga danshi. Ga shi an rufe kan iyaka, an yi shela cewa duk wanda aka kama ya fitar da hatsi zuwa Nijar, ko tiya ɗaya ce, ya kuka da kansa.

Lawwali yana da dalilin faɗuwar gaba. Yayarsa Laraba, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, tana aure a wani ƙauye kusa da Tsibiri, can ƙetaren iyaka, inda yunwar ta fi ta nan tsanani. Saƙo ya iso masa cewa ita da 'ya'yanta sun koma cin anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, da tonon gidan tururuwa don neman tsabar hatsi. Sai ya sayar da kekensa ya sayi buhun gero guda, ya damƙa wa Na'Allah, wani falke mai jakuna da ya san hanyoyin daji, don ya kai mata. Gudun kada buhun ya ɓace cikin na mutane, ya zana masa 'yar kurciya da koren fenti a kusurwa. Laraba ba ta karatu, amma ta san kurciyar Lawwali tun yana zana ta da gawayi a bangon ɗakinsu. Kwana uku ke nan da ba da buhun, kuma Na'Allah bai tashi ba tukuna, ya ce yana jiran hanya ta yi kyau.

"Kai ne mai fenti?" in ji saje, da Hausarsa ta bariki.

"Ni na, ranka shi daɗe."

"Kwashe kayanka. Oga yana kira."

"Lahiya dai?"

Saje Bayarabe ne. Ya dubi tsagar da ke kumatun Lawwali ya bushe da dariya. "Bagobiri! Yau na kama bawana." Da wata rana ce da Lawwali ya rama, don tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa. Yau kuwa ya kasa gane ko wasan ne ko ba shi ba. Yana tattara gwangwanayensa ya raɗa wa Kalilu mai faci, "Ka ce ma Habi na tahi aiki. Kak ka ambaci soja." Habi ita ce matarsa.

Sojojin sun yi sansani ne a wani tsohon siton gyaɗa a bayan gari. A filin gabansa Lawwali ya ga mutum uku suna tsallen kwaɗo cikin rana, kowanne riƙe da kunnuwansa, ɗaya daga cikinsu har da furfura. Ya sunkuyar da kai ya bi saje ciki.

Wanda ya kira shi, Kyaftin Attahiru, siririn mutum ne mai tabarau, Hausarsa ta Zazzau, muryarsa ƙasa-ƙasa sai ka kasa kunne. Yana tsaye gaban wani irin tebur da Lawwali bai taɓa gani ba: an jera ƙyamare biyu bisa durom, an yi musu baki da katako, an cika da yashi. An tara yashin tudu-tudu, an shimfiɗa shuɗin zare a tsakiya yana lanƙwasa, ga kwalayen ashana tsibi-tsibi, ga 'yan ƙirare an kakkafa kamar itatuwa.

Kyaftin ya buɗe wata akwatin ƙarfe. A ciki, kwance cikin auduga, tankokin yaƙi ne 'yan mitsi-mitsi, kowacce ba ta wuce babban yatsa ba, da bakin igwarta da sarƙar ƙafafunta. Ya ɗora ɗaya a tafin Lawwali. Tana da nauyi, ta darma ce, fentin jikinta duk ya ɓamɓare.

"Daga inda na yi kwas ɗin soja na zo da su," in ji Kyaftin. "Ni da likitanmu muna yaƙi da su a kan wannan tebur. Mu auna tafiyarsu da rula, mu jefa 'ya'yan lido su nuna wanda harbinsa ya samu. Zafin garinku ya cinye musu fenti. Ashirin da huɗu ne. Rabi ka yi musu kore da dabbare-dabbare kamar kakin nan nawa, rabi ruwan ƙasa. Kowacce da lambarta a ka. Za ka iya?"

Lawwali ya dubi tankar da ke tafinsa. Ashe aiki ne. Ya ce zai iya, in Allah ya yarda. Sai idonsa ya koma kan teburin, ya bi shuɗin zaren nan, ya ga yadda ya karya ya yi gabas. Ya san wannan lanƙwasar. Gulbi ne. Wancan tudun mai tsakuwa kufan Alkalawa ne. Tsibin kwalayen nan Sabon Birni ce, wancan Tsamaye. Har tsamiya biyun da ke mashigar da jakuna ke bi an kafa musu ƙirare.

"Ka gane wurin," in ji Kyaftin. Ba tambaya ba ce.

"Kamar ƙasarmu ta, yallaɓai."

"Ita ce. Wasa ne, amma ta wasan nake koyon ƙasar. Gaya mini, da kai ne mai jakuna kana son ka ƙetara ba a gan ka ba, ta ina za ka bi?"

"Ni ban taɓa kora jaki ba, ranka shi daɗe. Hwenti kaɗai nis sani."

Kyaftin ya dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ya nuna masa wani benci kusa da taga ya fita.

Burosan Lawwali na jikin mota ne, mafi ƙanƙanta a cikinsu ya fi tankar faɗi. Ya roƙi saje ya bar shi ya je wajen awakin da ke ɗaure a bayan sito, ya yanko gashin wutsiyar ɗaya, ya zaɓi silin da suka miƙe, ya ɗaure su da zare a kan tsinken tsintsiya. Ya kankare tsohon fentin da reza, ya wanke tankokin da kananzir, ya manna kowacce a kan marfin kwalba da ƙaro don ya sami wurin riƙewa. A fasasshen faranti ya haɗa launi. Shafin farko ya yi kauri, ya cike 'yan ƙusoshin da ke jikin tankar, dole ya goge ya ƙara sirka fentin. Ta huɗu ce ta fara yi masa daidai. Ya gano in ya haɗa baƙi da ɗigon ja ya shafa wa sarƙar, sai ta fito kamar mai tsatsa. In kuma ya share buroshin a tsumma har ya kusa bushewa, ya ja shi sama-sama da ruwan ƙasa, sai tankar ta yi kamar ta sha tafiya. Can sai ya tarar ya manta inda yake, har sai da wani ya yi ƙara a waje, tankar ta kusa suɓuce masa.

Da la'asar aka sallame shi, aka ce ya dawo da safe, kayan aikinsa kuwa ya bar su nan. A gida ya iske Habi tsaye a zaure da lulluɓinta. Kalilu bai faɗa ba, amma kasuwa duk ta faɗa.

"Malam, mu tahi Isa wurin yayana," in ji ta. "Yanzu, tun ba su sake shawara ba."

"In nig gudu, na hwaɗa musu ina da laihi ke nan. Aiki na sunka ba ni. Kwana ukku in ƙare in hito."

"To mi as sa hannunka ka rawa?"

Ya raɓa ta gefenta ya shige cikin gida.

Kashegari da hantsi yana kan tanka ta goma sai ya ji kukan jakuna da tsawar sojoji. Ya leƙa ta taga. Jakuna biyar ne da lodinsu, a bayansu ga Na'Allah, hannuwa ɗaure da igiyar jakinsa, ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi. Da asuba suka tare shi a mashigar tsamiya biyu.

Aka shigo da buhunan cikin sito aka jibge su jikin bango, taku huɗu daga bencin Lawwali. Na uku daga ƙasa, kusurwarsa tana waje, koriyar kurciya tana kallon ɗakin. A kan bencin kuwa ga gwangwanin koren da aka zana ta da shi, a buɗe, buroshi a ciki.

A waje saje ya fara tambaya. "Hatsin wa da wa?"

"Nawa na, duka," in ji Na'Allah.

Bulala ta sauka. Lawwali ya ji ta a nasa bayan. Aka sake tambaya, aka sake ba da amsar, bulala ta sake sauka. Ya dubi ƙofa. Soja guda na tsaye a bakinta, ya ba shi baya. Shafa ɗaya da babban buroshi ta isa ta rufe kurciyar. Amma ɗanyen fenti a jikin buhun da aka kamo daga daji, wa zai ce ba shi ya yi ba? Ko ya juya buhun? Akwai huɗu a kansa. Ya miƙe, ya koma ya zauna. Yana cikin haka Kyaftin ya shigo.

Ya ɗauki ɗaya daga cikin tankokin da suka bushe, ya kai ta taga, ya fito da wani gilashi mai ƙara girma yana juya ta. "Har tsatsa ka yi mata," ya ce. "Wanda ya fara yi musu fenti bai yi wannan ba." Ya ajiye ta, ya juya zai fita, sai ya tsaya gaban buhunan. Ya tsuguna. Ya ɗora gilashin a kan kurciyar, ya daɗe yana kallo. Ya sa farce ya ɗan kankari fikafikinta, ya dubi farcen. Sannan ya miƙe ya dubi gwangwanin da ke kan benci.

Lawwali ya sunkuyar da kai kan aikinsa. Yana karanta duk abin da ya zo bakinsa a zuci, yana jiran a kira saje.

"Ci gaba da aikinka," in ji Kyaftin, ya fita.

Ranar nan sau uku yana ɓata lamba bakwai yana gogewa. Duk takun takalmin da ya ji sai ya ce ga shi nan an zo. Ba a zo ba. Har aka aiko masa da shinkafa a kwanon soja, abin da rabonsa da gani tun kafin fari, ya ture kwanon gefe bai taɓa ba. Da la'asar aka ce ya tafi ya dawo gobe. A hanyar fita ya wuce Na'Allah zaune jikin wata bagaruwa, ɗaure, rigarsa ta manne wa bayansa. Na'Allah ya ɗaga ido ya gan shi, ya kawar da kai kamar bai taɓa saninsa ba.

Da Habi ta ji abin da ya faru ba ta yi gardama ba, ta shiga ɗaki ta ɗaure kayansu a zane. Gari ya waye ƙunshin na bakin ƙofa. Lawwali ya tsaya a kansa ya daɗe.

"Ya gani," ya ce. "Ya san ni na. Ko Isa munka tahi, jif ta hi mu sauri. Kuma ga mutum can ana kashe mai baya saboda ni."

"Ba saboda kai kaɗai ba. Buhu goma na."

"Nawa ɗai ad da alama."

Ya koma sito. Ya zauna ya ƙarasa tankokin ruwan ƙasa, yana yi a hankali, don ya san muddin akwai wadda ba ta ƙare ba, yana da sauran amfani. Amma aiki ƙarewa yake yi. Ana kiran azahar ya ɗiga lamba ta ƙarshe. Kyaftin ya zo ya jera su a kan yashi, koraye a wannan gaɓar gulbi, masu ruwan ƙasa a waccan, ya ja baya yana kallo kamar mai kallon garkensa.

Lawwali ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, buhun ga mai kurciya nawa na. Ni nib ba Na'Allah shi."

"Na sani tun jiya," in ji Kyaftin, bai ko juyo ba. "Yadda kake jan wutsiyar kurciya, haka kake jan wutsiyar lamba biyu."

"To mi as sa ba a kama ni ba?"

"Da na kama ka, wa zai ƙarasa mini tankoki?" Babu alamar murmushi a fuskarsa. "Wa za a kai wa buhun?"

Lawwali ya gaya masa labarin Laraba da 'ya'yanta uku da anzar da suke ci. Kyaftin ya saurara har ƙarshe, yana gyara zaman wata tanka da ɗan yatsa. Sannan ya tambayi masu sauran buhunan. Lawwali ya rantse bai san su ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kyaftin ya ɗaga murya karo na farko, ya kira saje.

Gadirum ɗin, inda sojojin ke kulle mai laifi, wani ɗaki ne da a da ake ajiye sikeli a ciki, taga ɗaya can sama. Na'Allah na kwance rub da ciki a kan siminti. Da aka turo Lawwali aka rufe ƙofa, ya ɗago kai da ƙyar.

"Kai kuma mi ak kawo ka?"

"Na hwaɗi gaskiya."

"Gaskiya!" Na'Allah ya tofar da yawu. "Na sha bulala ashirin don in ruhe ka, kai kuma ka zo ka tone kanka? To ga mu nan mu biyu. Wa ka ba iyalinka abinci yanzu?"

Kwana huɗu suka yi a ɗakin. Sojan da ke kawo musu ruwa ya ce ranar Juma'a mota za ta zo daga Sakkwato, kuma waɗanda aka kai can kan hatsi ba a jin labarinsu da wuri. Wani ya ce shekara biyar ne, wani ya ce abin ya fi haka. Lawwali yana wanke wa Na'Allah baya da rabin ruwan shansa, Na'Allah na zaginsa yana barinsa yana yi. Bango ɗaya ne tsakaninsu da ɗakin teburin. Kullum bayan la'asar sai su ji ƙarar 'ya'yan lido a cikin kofi, su ji muryar likita yana cewa lamba tara ta ƙone, Kyaftin na cewa a sake aunawa. Lawwali ya tuna lamba tara, koriya ce, bakin igwarta ya ɗan karkace. Yakan kasa kunne ko zai ji an ambaci sunansa a tsakanin jifa da jifa. Ba a taɓa ambata ba, wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

Ranar Juma'a da hantsi suka ji rurin babbar mota. Saje ya buɗe ƙofa ya ce su fito. Hasken rana ya kashe wa Lawwali ido. Aka zaunar da su a ƙasa, wani kofur ya aske musu kai ƙwal da reza ba ko ruwa. Motar na tsaye, an sauke ƙyauren bayanta. Na'Allah ya fara kalmar shahada a bayyane.

"Tashi," in ji saje. "Ku ɗauki buhu."

Su suka loda hatsin a motar, buhu goma, har da mai kurciya, wanda Lawwali ya ɗauka a kansa da aka aske yana jin zafin yankan reza. Da suka gama suka tsaya suna jiran a ce su hau. Direba ya rufe ƙyaure, ya tada mota, ta tafi ta bar su tsaye.

Kyaftin ya fito bakin sito. "Ba ni da ruwan da zan riƙa shayar da fursuna," ya ce. "Kai mai jakuna, biyu daga jakunanka sun mutu, kwashe ukun ka tafi. In na sake ganinka a bakin gulbi, ba za mu yi magana ba." Sannan ya dubi Lawwali. "Hatsi ba zai ƙetara ba, umarnin da aka ba ni ke nan. Amma yarana buhu suke nema. Ban ce su tare mace mai goyo da ta taho da ƙafa ba." Ya juya ya koma ciki.

Saje ya miƙo wa Lawwali gwangwanayensa. "Bawana, tafi gida," ya ce. Lawwali ya karɓa da hannu biyu, ya kama hanyar gida.

Na'Allah bai yarda ya kai saƙo ba, ya ce shi da arewa sai in an buɗe iyaka, kuma daga ranar ko gaisuwar Lawwali da ƙyar yake amsawa. Wani Buzu mai komawa da raƙumi ba kaya ne ya karɓi saƙon: a ce wa Laraba ta taho da yara, ta biyo gulbi, kada ta ɗauko komai.

Daga nan kullum Lawwali sai ya tafi mashigar tsamiya biyu tun da sassafe, ya ɓuya cikin sabara yana duban arewa. Bai san ko maganar Kyaftin alkawari ce ko tarko ba. Sau biyu jif ta wuce ta kan gaɓa, ya kwanta ya manna fuska da ƙasa har ƙararta ta ɓace. Mutane na wucewa jefi-jefi, tsofaffi da mata, ba mai ɗauke da abin da ya fi ƙwarya.

A rana ta tara, rana ta take, ya hango wata mace tana jan ƙafa cikin rairayi, yara biyu na riƙe da zanenta, ɗaya a bayanta. Ya dube ta ya kawar da kai, don wannan tsohuwa ce. Sai da ta zo daidai tsamiya ta tsaya tana waige-waige, ya ga yadda ta dafa ƙugu, sannan ya fito da gudu.

"Adda!"

Ba ta yi kuka ba, ba ta ko gaishe shi ba. Ta juya masa baya tana kwance majanyi. "Karɓi ɗiyar ga, Lawwali. Tun jiya ba ta yi kuka ba, ni kau tsoro ya hana ni dubawa."

Ya karɓi yarinyar. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kanta ya langaɓe a hannunsa. Ya kai kunnensa bakin hancinta ya tsaya, ya hana yaran motsi. Da farko bai ji komai ba sai bugun nasa ƙirjin. Can ya ji ɗan ɗumi ya taɓa masa kunne, ya ɗauke, ya sake dawowa.

"Tana da rai," ya ce. "Mu tahi. Habi ta dama kunu."

Ya saɓa yarinyar a kafaɗa, ya kama hannun ƙaramin yaron, suka haura gaɓa. Hanyar da ta fi kusa ta gaban sito ta bi, sai ya zagaya da su ta bayan makabarta, ko da yake ta fi nisa kuma Laraba na tsayawa hutu duk bayan 'yan taku.